Yadda Layin Agajin Yara Zai Riƙe Sirrin Yaro a Intanet

Lokacin da Esther Rantzen ta kafa Childline, layin agajin yara, a Birtaniya a 1986, aikin na tarho ne zalla. Yaro ya buga, ya faɗi damuwarsa, ya ajiye kan waya, maganar ta bi iska, sai ɗan abin da mai sauraro ya rubuta a takarda. Yau layukan agaji da yawa sun ƙara hira ta rubutu da imel da manhaja, rubutu kuwa ba ya bin iska. Yarinyar da ta rubuta da tsakar dare cewa wani a gidansu yana taɓa ta, ta bar sawu a wayar da ke hannunta, da wurin kamfanin sadarwa, da kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wataƙila har da wurin wani kamfanin talla da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Mai ba da shawara zai ce mata, "wannan tsakaninmu ne," kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Sai dai ba shi kaɗai ke riƙe da maganar ba. Aikin ƙungiya shi ne ta sa duk na'ura da duk mutumin da maganar ta ratsa ta hannunsa su cika alkawarin da bakinsa ya ɗauka, kuma ta hana shi ɗaukar wanda ba zai cika ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ba yaro haƙƙin sirri a sashe na 16, ta kuma ba shi haƙƙin kariya daga cin zarafi a sashe na 19. A layin agaji waɗannan biyun sukan ja juna, kuma kusan duk matakan da ke tafe hanyoyin sasanta su ne. Zan riƙa kawo misali da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta soma aiki ranar 25 ga Mayu 2018, domin ƙasashe da dama sun bi tsarinta. Dokar ƙasarku ce dai za ta hukunta ku, don haka lauya ya duba muku ita.

Mataki na ɗaya: ku bi sawun saƙo guda

Kafin a rubuta wata ƙa'ida, a fara sanin inda maganar yaro take zuwa. Ku haɗu ku uku: mai kula da kwamfutoci, shugaban masu ba da shawara, da wanda kwangilolin ƙungiya ke hannunsa. Ku aika saƙon gwaji, ku bi shi daga yatsan mai rubutu har inda ya kwanta. A kowane zango ku tambayi wa ke iya karanta shi, a wace ƙasa yake ajiye, kwana nawa zai yi, wa ke da ikon goge shi.

Babban rumbun bayanai kowa ya san da shi. Ƙananan ramuka ake mantawa: rajistar da sabar shafi, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, ke rubuta lambar IP ta kowane baƙo a ciki (lambar da ke nuna ta inda na'ura ta shiga intanet), kwafin ajiya da ake ɗauka kowane dare, imel ɗin da ke sanar da mai duba aiki cewa sabon saƙo ya shigo (wani lokaci har da layinsa na farko), da zauren hirar ma'aikata inda wani ya saka hoton allo yana neman shawara kan matsala mai wuya. Sashe na 35 na GDPR ya wajabta tantance haɗari a rubuce kafin a soma aiki irin wannan, kuma da abin da kuka gano a nan za ku cika shi.

Mataki na biyu: kada ku tambayi abin da ba za ku yi aiki da shi ba

Abin da ba ku karɓa ba, mai kutse ba zai sace shi a wurinku ba, kuma ba wanda zai tilasta muku miƙa shi. Fom ɗin shiga ya tsaya a laƙabi, da kalmar sirri, da shekaru. Ban da sunan gaskiya, ban da makaranta, ban da lambar waya. Imel ya zama na ganin dama. A gefen wurin rubuta laƙabin ku gargaɗi yaro kada ya sa sunansa, kada kuma ya sa laƙabin da aka san shi da shi a dandalin sada zumunta, don yara sukan yi hakan ba tare da tunani ba.

Wannan yana da tsadarsa. Yaron da bai ba da imel ba, ya manta kalmar sirri, asusunsa ya tafi ke nan. Ku faɗa masa tun farko, ku karɓi asarar. Buɗe sabon asusu ya fi sauƙi a kan saƙon sabunta kalmar sirri ya faɗa akwatin da mahaifinsa ke dubawa.

Lambar IP ce mai wuyar sha'ani. Idan kuka ƙi ajiye ta sam, ranar da yaro ya rubuta cewa ya haɗiyi ƙwayoyi sannan ya yi shiru, ba ku da bakin zaren da za ku ba masu ceto. Idan kuka ajiye ta har abada, kun tara jerin da za a iya gano duk wanda ya taɓa zuwa da shi. Hanyar da na fi gamsuwa da ita: a ajiye ta na ɗan gajeren lokaci da aka ƙayyade a rubuce, a wurin da ba ya haɗe da hirar, mai ba da shawara ba ya ganinta, kuma ba a buɗe ta sai da sa hannun shugaban aiki. Da yake kuna ajiyewa, kada ku rubuta a shafinku cewa ba za a taɓa iya gano mai rubutu ba. Ƙarya ce, ko da niyyar alheri aka yi ta.

Mataki na uku: ku rubuta alkawarin sirri tare da iyakarsa

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin alkawari kaya ne, kuma yaron da aka saɓa wa sau ɗaya ba kasafai yake dawowa ba, abokansa ma za su ji labari.

Ku fara yanke shawara a tsakaninku: a wane hali za mu fitar da magana waje? Childline ta Birtaniya, wadda ta shiga ƙarƙashin ƙungiyar kare yara ta NSPCC a 2006, ta bayyana nata a fili. Za ta iya gaya wa wani idan yaron ne ya nema, ko ta ga ransa ko ran wani yana cikin haɗari, ko mai cutar da shi mutum ne da aka ba amanar yara kamar malami ko ɗan sanda, ko yaron ya ce yana cutar da wani sosai, ko doka ta tilasta. Ku lura da tsawon wannan katangar. Ba kowane labarin duka ko zagi ke sa a ɗaga waya a kira hukuma ba, kuma da gangan aka yi haka, don yaro ya samu inda zai yi magana ya ƙara, har ya kai ga yarda a taimake shi.

Ba kowace ƙasa ke ba da wannan sararin ba. A Indiya, inda Jeroo Billimoria ta soma layin agajin yara na 1098 a Mumbai a 1996, dokar POCSO ta 2012 ta wajabta wa duk wanda ya san an yi lalata da yaro ya kai rahoto, ƙin yin haka laifi ne. Ƙungiyar da ke aiki ƙarƙashin doka irin wannan ba za ta kwafi alkawarin wata ƙasa ta liƙa a shafinta ba. Doka ke fara shata iyaka, sannan a rubuta alkawari a cikinta.

Sai rubutun kansa. Sashe na 12 na GDPR ya ce bayanin da aka yi don yaro ya zama cikin harshen da zai gane. Ga irin abin da nake nufi:

"Kina iya faɗa mana komai, ba sai kin faɗi sunanki ba. Ba za mu gaya wa iyayenki ko makarantarku ba. Amma idan muka ga ranki ko ran wani yana cikin haɗari, za mu nemo taimako ko da ba ki so. In dai da hali, ke za mu fara gaya wa kafin mu yi."

Ku ƙara layi guda da ke bayyana cewa sirrin yana hannun ƙungiya ne, ba hannun mutum ɗaya ba: mai duba aiki yakan karanta hira, kuma wanda zai amsa gobe zai ga taƙaitaccen bayanin ta yau. Yara da yawa suna zaton mutum ɗaya tak suke yi wa magana.

Wannan ya bayyana kafin akwatin rubutu ya buɗe, ba a ƙasan shafi cikin ƙananan haruffa ba. Magana zarar bunu ce, idan yarinya ta riga ta faɗi sunan kawunta da unguwarsu sannan aka ce mata ai akwai sharaɗi, an yaudare ta. Idan hira ta soma nauyi, mai shawara ya tuna mata a hankali: "Ina jin ki, kuma ina so ki ci gaba. Kin dai tuna abin da muka ce game da lokacin da rai ke cikin haɗari ko?" Ya faɗe shi sau ɗaya, kada ya mayar da shi abin toshe mata baki.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. Ku ba yara masu shekaru daban-daban su karanta, su maimaita muku da bakinsu. Inda suka kauce, rubutun ne da laifi.

Mataki na huɗu: batun izinin iyaye

Sashe na 8 na GDPR ya ce inda aka dogara da amincewar yaro wajen ba shi hidima ta intanet, sai ya kai shekara 16, kodayake ƙasa na iya saukowa har 13. Jamus ta tsaya a 16, Faransa 15, Sifen 14, Birtaniya 13. Wanda bai kai ba, izinin iyaye ake nema. Da a ce haka abin ya tsaya, da yaron da ubansa ke cutarwa sai ya nemi sa hannun uban kafin ya kai kuka. Shi ya sa sakin layi na 38 na gabatarwar dokar ya ce bai kamata a buƙaci izinin iyaye ba a hidimar rigakafi ko ba da shawara da ake yi wa yaro kai tsaye. Ku nemi makamancin wannan a dokarku, ku rubuta shi a takardunku.

Shawarata kuma, kada ku gina aikin duka a kan "na amince" da yaro ya latsa. Amincewa ana iya janye ta, ku kuwa akwai ranar da za ku yi abin da bai amince da shi ba don ku ceci ransa. Dokar ta tanadi wasu hujjoji, har da kare rai, kuma dokar kare bayanai ta Birtaniya ta 2018 ta ware sharuɗɗa na musamman don aikin ba da shawara da na kare yara. Bayanan lafiya da na jima'i da na addini suna cikin rukunin da sashe na 9 na GDPR ya tsaurara, hirar layin agaji kuma cike take da su.

Mataki na biyar: ku kori 'yan leƙen asiri daga shafin

A 2023 kafar binciken ƙwaƙwaf ta The Markup ta duba shafukan cibiyoyin da ke amsa layin 988 na masu tunanin kashe kansu a Amurka, ta tarar fiye da 30 suna ɗauke da Meta Pixel, ɗan guntun lambar kwamfuta da ke aika wa Facebook labarin abin da baƙo ya yi a shafi. Yawanci ba mugunta ke kawo irin wannan ba. Sashen neman tallafi ne ke son sanin ko tallarsa ta yi aiki, ya sa aka liƙa abin a shafin farko, ya bazu ko'ina.

Maganinsa a raba gida. Shafin masu ba da gudummawa daban, shafin yara daban, kowanne da adireshinsa. A na yara, ba lambar talla, ba maɓallin yaɗawa a dandalin sada zumunta, ba manhajar da ke naɗar motsin yatsa da abin da ake bugawa. Bidiyon da aka jawo daga YouTube, da salon haruffan da ake ɗaukowa daga sabar wani kamfani, su ma suna sanar da masu su cewa wani ya zo. Ku ɗora abin da za ku iya a sabarku. Idan ƙidayar baƙi kuke so, akwai manhajojin ƙidaya da ake girkawa a gida ba sa aika komai waje.

Don dubawa, a buɗe shafin a burauza, a shiga kayan aikin masu gina shafi, a kalli jerin adiresoshin da shafin ke tuntuɓa. Duk wanda ba naku ba, a tambayi dalilinsa. The Markup tana da wata na'urar bincike kyauta mai suna Blacklight da ke yin wannan a sauƙaƙe. A maimaita duk bayan an taɓa shafin.

WhatsApp da makamantansa suna da jan hankali, don can yaran suke. Ku dai san abin da kuka saya: za ku ga lambar wayar yaro, hirar za ta zauna a wayarsa, kuma idan ta hannun wani kamfani kuka haɗa layin, saƙon yana ratsa kwamfutocinsa. In kun zaɓi bin hanyar, alkawarin sirrinta ya zama daban, a faɗi waɗannan a ciki. Duk kamfanin da ke taɓa bayananku kuma sai da kwangila a rubuce da ta hana shi amfani da su don amfanin kansa.

Mataki na shida: ku tuna da wayar da ke hannun yaron

Sau da yawa mai kutse daga wata nahiya ba shi ne barazanar farko ba. Wanda zai ɗauki wayar da safe ne. Yara da yawa da wayar uwa ko ta yaya suke rubutu.

Ku sa babban maɓallin ficewa da ke rufe shafin nan take ya buɗe wani na yau da kullum, ku kuma faɗi gaskiya cewa ba ya goge tarihin bincike, ku nuna yadda ake gogewa da yadda ake buɗe tagar sirri. Asusu ya rufe kansa bayan 'yan mintuna ba motsi. Idan kuna da manhaja, sanarwarta kada ta nuna abin da ke cikin saƙo, gara ma a kashe ta sai yaro ya kunna da kansa. Kada ku fara aika wa yaro saƙo sai kun tambaye shi ko lafiya ne a aiko, da kuma wane lokaci. A ɓangaren kira, ku zauna da kamfanonin sadarwa a kan kiran ya zama kyauta kuma kada ya fito a takardar kuɗin waya. Haka lambar 0800 1111 take a Birtaniya. Ƙasashen Turai da dama suna amfani da 116 111, wasu na Afirka kamar Kenya da Uganda suna amfani da 116. Jerin kiran da ke cikin wayar dai sai yaron ya goge da hannunsa, a gaya masa.

Mataki na bakwai: abin da ake rubutawa da masu karantawa

Bayanin hira ya ƙunshi abin da yaro ya faɗa, da haɗarin da aka gani, da abin da aka yi. Ban da hasashe, ban da lanƙaya wa yaro suna irin "mai neman a kula shi". Ku rubuta kamar shi zai karanta, domin yana da haƙƙin nema.

Kowane ma'aikaci da ɗan sa-kai da asusunsa, da tantancewa mai hawa biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta biyu. Tsarin ya riƙa rubuta wa ya buɗe wane fayil da yaushe, kuma a samu mai duba wannan rajistar da gaske. Sashen kuɗi da na yaɗa labarai ba su da hurumin shiga. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar. Mai aiki daga gida ya kasance a ɗaki shi kaɗai da abin sa wa a kunne, a kwamfutar ƙungiya, ba ɗaukar hoton allo. Idan ɗan sa-kai ya fahimci ya san yaron, ya miƙa hirar ga wani nan take.

Rumbun kuma a kulle rubutun da ke cikinsa ta yadda ko an sace ba zai karantu ba. A Oktoban 2020 aka gano an sace bayanan kusan mutum 33,000 daga Vastaamo, kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Finland, har da abin da suka faɗa wa likitocinsu a ɗakin ganawa, kuma bayanan ba a kulle suke ba. Da kamfanin ya ƙi biyan fansa, ɓarawon ya koma aika wa marasa lafiyar saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman Yuro 200 daga kowanne. Kamfanin ya durƙushe a 2021.

Mataki na takwas: ranar da dole a buɗe sirri

Wannan ranar za ta zo, kuma ba tsakar dare ake tsara yadda za a yi ba. A rubuta shi tun yanzu, a koyar, a gwada.

Mai ba da shawara ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ya ci gaba da hira da yaron, ya yi wa shugaban aiki alama ya shigo ya karanta. Su biyun su auna: haɗarin na yanzu ne ko na baya? Rai ne ke ciki? Akwai wasu yaran da abin zai shafa? Shekarun yaron nawa, kuma ya fahimci halin da yake ciki? Tun hukuncin Gillick na 1985 kotunan Ingila suke duba fahimtar yaro, ba shekarunsa kaɗai ba, kuma ma'auni ne mai amfani ko a inda ba doka ba ne.

Sannan a nemi yaron ya shigo cikin shawarar. "Abin da ka faɗa ya sa ina jin tsoro a kan ranka. Ina so mu turo maka taimako yanzu. Za ka gaya min inda kake?" Adireshin da yaro ya faɗa da bakinsa ya fi wanda aka bi ta lambar IP sauri da inganci, don bin lambar sai ta hannun 'yan sanda da kamfanin sadarwa, kuma tana iya kaiwa ga wayar da mutum biyar ke amfani da ita. A ba shi zaɓi a inda zaɓi yake: wa yake so a kira, me za a faɗa, me za a bari. Idan ya ƙi kuma haɗarin ya kai, a gaya masa za a yi, da dalili. Wurin da kawai ake yi ba tare da saninsa ba shi ne inda faɗa masa zai ƙara haɗarin, misali idan mai cutar da shi na iya karanta allon.

Abin da za a miƙa wa hukuma shi ne iya abin da ake buƙata don ceto. Masu motar asibiti suna bukatar wuri da abin da ya sha da lokacin. Ba su bukatar hirar wata shida. A rubuta wa ya yanke, da ƙarfe nawa, bisa wane dalili, me aka faɗa wa wa. Idan an yanke ba za a buɗe ba, shi ma a rubuta dalilinsa. Kuma kada a rufe wa yaron ƙofa. Zai iya dawowa da fushi, a saurari fushin, kada a soma kare kai.

Mataki na tara: masu ƙwanƙwasa ƙofa

Uba zai kira, hankalinsa a tashe, ya ce ya ga shafinku a wayar 'yarsa, me ta ce? Amsar ba ta tabbatarwa, ba ta musantawa: "Baba, na ji damuwarku, kuma tana da hujja. Ba ma faɗin wanda ya tuntuɓe mu ko wanda bai tuntuɓa ba, ga kowa. Amma in kuna so, sai mu yi magana kan abin da kuka gani a tare da ita." Daga nan a nuna masa layin iyaye in akwai. Haƙƙin ganin bayanan na yaron ne. Uba yana nema ne a madadinsa, kuma inda hakan zai cutar da yaron, ana iya ƙi.

Ɗan sanda ma ba a miƙa masa komai a waya don ya ce shi ɗan sanda ne. A karɓi buƙatar a rubuce, a kira ofishinsu ta lambar da kuka samo da kanku, mutum guda da aka naɗa ya amsa. Umarnin kotu ana bi, amma lauya ya duba faɗinsa, a ba da iya abin da ya ambata.

Idan yaron da kansa ya nemi kwafin bayanansa, GDPR ta ba da wata guda. Ya nema ta cikin asusunsa, kuma a tabbatar ba wani ke tsaye a kansa ba.

Mataki na goma: kada sirri ya zama haja

Hirarrakin da suka taru dukiya ce a idon masu bincike, da masu neman tallafi, da masu horar da ƙirƙirarriyar basira. A Janairun 2022 jaridar Politico ta ba da labarin cewa Crisis Text Line, ƙungiyar agaji ta saƙon rubutu a Amurka, tana ba kamfanin Loris.ai, wanda ita ta haifa, bayanan hirarrakin da aka cire wa sunaye, don gina manhajar kula da abokan ciniki. Ƙungiyar ta ce an tsabtace bayanan kuma masu rubutun sun amince da sharuɗɗa. Cikin 'yan kwanaki sukar jama'a ta sa ta daina. Wanda ya latsa "na amince" yana kuka bai amince da komai ba, balle yaro.

Cire suna kuma ba ya ɓoye mutum. Shekaru da gari da aikin uba da abin da ya faru sun isa maƙwabci ya gane. Labarin da za a sa a takardar neman tallafi a haɗa shi daga labarai da yawa, a canza bayanai, a rubuta cewa an yi haka. Alƙaluma a fitar da su a dunƙule, kada a ba da adadin da ya yi ƙanƙantar da za a iya nuna mutum. Ma'aikata kuma a hana su liƙa hirar yaro a manhajar basira ta kowa-da-kowa don ta taƙaita musu.

Mataki na sha ɗaya: gogewa, da ranar da abu ya ɓaci

Ku rubuta jadawalin kwanakin kowane irin bayani, na'ura ta riƙa gogewa da kanta, har a kwafin ajiya. Hirar yau da kullum ba ta da dalilin daɗewa. Bayanin cin zarafi daban ne, don wanda aka cuta yana yaro kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya nemi shari'a. Kwamitin binciken lalata da yara na Ingila da Wales ya ba da shawara a rahotonsa na 2022 a ajiye irin waɗannan takardu shekara 75. Saboda haka idan yaro ya ce a goge komai, a goge abin da za a iya, a gaya masa abin da ya rage da dalilin barinsa.

Idan bayanai suka fita, GDPR ta ba da awa 72 daga lokacin da aka sani a sanar da hukumar kare bayanai, sannan a sanar da masu bayanan idan haɗarin babba ne. Ba kullum kutse ne sila ba. A 2015 asibitin 56 Dean Street da ke Landan ya aika wasiƙar labarai ga kusan mutum 780 masu hulɗa da sashen HIV, adireshin kowa a fili ga kowa, aka ci tarar hukumar asibitin fam 180,000. Saƙon taro a aika shi da manhajar da ke aika wa kowa nasa daban, ba da hannu ba.

A shirya takarda guda da sunan wanda za a tasa daga barci, da wanda zai rufe tsarin, da wanda zai kira hukuma, a ajiye kwafinta a wajen kwamfutar da za a iya kullewa. Sanar da yara a yi shi ta cikin asusunsu da kuma sanarwa a shafin, ba ta imel ko saƙon waya da wani a gida zai iya gani ba, kuma a ƙara masu amsa kira a kwanakin da za su biyo baya, domin yaran da suka ga sanarwar za su zo da tambayoyi.